Kurakuran da aka fi yi wajen sayen mota ta hannu da gyaranta

Mai neman mota ta hannu a Kano ko Kaduna yakan tsaya tsakanin hanya biyu: ko ya shiga babban wurin sayar da motoci mai ofis da rasit, ko ya bi dillali zuwa gidan wanda ke son rabuwa da tasa. Kuskuren farko shi ne ɗaukar cewa da an zaɓi hanya magana ta ƙare. Wanda ya je babban wuri yakan saki jiki don ya ga gilashi da kujerun alfarma, wanda ya bi dillali kuma don "ɗan unguwarmu ne". Dukansu sai su biya kuɗi, ba wanda ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar.

A fara da lambar shasi. Haruffa da lambobi 17 ne, suna ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, suna kuma jikin ginshiƙin ƙofarsa. Su zo daidai da juna, su zo daidai da na takarda. Motocin tokumbo, wato na hannu da ake shigowa da su daga waje, da yawa daga Amurka ta gwanjo suke fitowa, irin su Copart, inda kamfanonin inshora ke sayar da motocin da suka yi hatsari ko ruwa ya ci. Da wannan lambar za a iya sayen rahoton Carfax, mai nuna tarihin motar, a intanet, wani lokaci ma in ka rubuta ta a Google sai hoton motar ya fito da gabanta a rugurguje. Hatsari da sauƙi in bai taɓa shasi ba. Ruwa ne abin gudu. Guguwar Harvey ta 2017 ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a yankin Houston, kuma motar da ta sha ruwa wayoyinta a hankali suke ruɓewa: yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga. Ɗaga kafet, taɓa ƙarfen da kujera ke gudu a kai, duba ramin safaya taya. In ka ga yashi ko tsatsa, ko ka ji warin danshi an danne shi da turare, yi sallama ka tafi.

Agogon tafiya ma a bi shi da hankali. Motar Amurka mil take ƙirgawa, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, wato 100,000 a agogo kilomita 160,000 ke nan, in ma ba a mayar da shi baya ba. Robar birki da fatar sitiyari sun fi agogo faɗin gaskiya.

Wajen takardu ne babban wuri ya fi dillali, kuma a gaskiya shi ne abin da kake biyan ƙarin kuɗin a kai. A Janairun 2017 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka motar da ta biyo daji daga Kwatano tana iya ƙarewa a hannun Kwastam ko da ka shekara kana hawanta. Mai babban wuri yana da adireshin da za ka koma. Dillali in ya karɓi la'adarsa wayarsa ta daina shiga, shi ke nan. Idan ta hannunsa za ka saya, ka ga mai motar ido da ido, sunansa ya dace da na takardu, a tantance takardar Kwastam a ofishinsu, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, a kuma yanke la'ada tun kafin a fara ciniki.

Kada a gwada mota da rana bayan an ɗumama ta. Je ka da sassafe injin na sanyi. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba: fitilar gargaɗin inji dole ta kama, sannan ta mutu bayan injin ya tashi. In ba ta kama ko kaɗan ba, wataƙila an cire ƙwan ko an rufe shi. A duba salansa ko an kwashe abin tace hayaƙin da bakanikai ke kira indomi. Bakaniken da zai duba kuwa naka ne, kai za ka biya shi, ba wanda dillali ya kira ba.

Sai gyara, inda ni kaina na ci tuwon wahala. Corolla ta fara zafi, wani bakanike ya ce, "Alhaji, wannan tamostat ɗin don ƙasar sanyi aka yi shi." Ya cire shi, ya haɗa fanka kai tsaye, ya cika lagireto da ruwan rijiya. Allura ta sauka, na yi godiya. Bayan 'yan watanni mota ta koma shan mai kamar rijiya, lagireton ya cika da jan tsatsa. Asalin matsalar murfin lagireto ne da ya saki, abin da bai kai kuɗin abincin rana ba. Tamostat shi ke riƙe inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, in babu shi kwamfutar motar tana ta ƙara mai don tana ganin injin bai ɗumama ba. A mayar da shi, a zuba ruwan lagireto na gaskiya mai launi.

Haka man giya. Toyota tana da nata, Honda tana da nata, ba kowane jan mai ake ɗurawa ba. Haka baƙin mai: in an rubuta 5W-20 a murfi, kada a zuba 20W-50 don kawai "shi kowa ke sa wa".

Akwai masu kai tsohuwar mota garejin kamfani don canza birki, su biya ninkin-ba-ninki, akwai kuma masu barin bakaniken bakin titi ya yi ta canza kaya da ka har ya dace. Aikin kwamfuta, makulli mai lamba da jakar iska, na kamfani ne ko na ƙwararre mai na'urar sikana. Birki, shokozoba da ƙasan mota, bakanike nagari ya isa. A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna kuma kaya iri uku ne: sabo na asali, jabu mai kwali mai kyau, da na Beljiyam, wato na hannu da aka shigo da su daga waje. Ƙofa, fitila da madubi, Beljiyam ya wadatar. Birki da bel a sayi sabo na asali, kuma a ce wa bakanike ya ajiye tsohon da ya cire a cikin but.