Yadda Ake Gano Dalilin Zafin Injin da Matsalar Fanka a Tsohuwar Mota

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana kan haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, ba wuya a ga tsohuwar mota a gefen titi an ɗaga bonet, tururi yana tashi. Maganin da aka fi saurin yi a gareji shi ne a cire tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan injin ya ɗau zafi, a yar, a kuma haɗa fanka kai tsaye yadda za ta riƙa juyawa da zarar an murɗa makulli. Wannan dabara ɓoye ciwo kawai take yi, kuma wanda yake son ya gano ainihin abin da ke damun motarsa sai ya fara da tambaya ɗaya: a wane hali ne allurar ma'aunin zafi take hawa?

Kafin a kai ga bincike, akwai abin da ya wajaba idan allura ta doshi ja ana cikin tafiya. A kashe na'urar sanyi, a kunna hita idan motar tana da ita, domin hita tana janye wani kaso na zafin injin, sannan a nemi wuri a tsaya a kashe motar. Kada a buɗe murfin lagireto sai injin ya huce yadda za a iya riƙe tiyon sama da hannu, abin da kan ɗauki rabin awa ko fiye, saboda ruwan ciki a matse yake, kuma yakan yi tsartuwa ya ƙone fuska da hannu. Haka nan kada a kwarara ruwan sanyi a kan injin da ya ɗau zafi, domin kan injin, musamman na alminiyam, yana iya karkacewa ko ya tsage.

Motar da take zafi a cunkoso ko a tsaye, amma allurar ta sauko da zarar an hau babban titi, kusan kullum matsalarta ta iska ce, wato fanka. Dalili kuwa shi ne, a cikin gudu iskar da ke bugo gaban mota ta isa ta sanyaya lagireto ba tare da taimakon fanka ba. Wadda kuma take zama lafiya a cikin gari, sai an ɗauki hanya mai tsawo ko ana hawan tudu da kaya sannan ta yi zafi, to a karkata ga zagayawar ruwa: lagireto da ya toshe, famfon ruwa da ya gaji, ko tamostat da ba ya buɗewa duka. Idan kuwa mintoci kaɗan bayan tayar da ita allurar take kaiwa ja, to ko ruwa ya yi ƙasa ƙwarai, ko tamostat ya maƙale a rufe, ko gasket ɗin kan injin, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa, ya ƙone.

Binciken farko da safe ake yin sa, injin yana da sanyi. A buɗe murfin lagireto a ga ko ruwa ya kai baki, kada a dogara da robar ajiyar ruwa da ke gefe, domin takan kasance cike alhali lagireton ya yi ƙasa. Idan ruwa yana raguwa, a bi tiyo-tiyo da mahaɗansu, da ƙasan famfon ruwa, a nemi farin tabo ko jan tsatsa da ruwa ke bari idan ya bushe. Shi kansa murfin ya cancanci a dube shi da kyau, ko da yake mutane kan raina shi. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma murfi mai kyau, wanda galibi ake rubuta 0.9 ko 1.1 a kansa, yana matse ruwan yadda ba zai tafasa ba sai wajen digiri 120. Idan robarsa ta tsage ko sifirin ɗinsa ya saki, ruwa zai tafasa ya malala alhali babu wani abu da ya lalace a injin. Daga nan a haska tocila ta bayan lagireto: ƙurar hunturu, da ƙwari, da ledar da iska ta kwaso sukan cushe ƙofofinsa, musamman ratar da ke tsakaninsa da na na'urar sanyi, inda ido ba ya kaiwa.

Fankar lantarki, irin ta Golf, Corolla da Accord, ba a ƙera ta don ta juya kullum ba. Tana jira ne sai ruwa ya kai wajen digiri 90 zuwa 100, gwargwadon ƙirar motar, sannan wani makunni mai jin zafi ya ba ta wuta. Saboda haka a tayar da motar a bar ta a tsaye, ana kallon allura. Idan allurar ta wuce tsakiya fanka ba ta motsa ba, a kashe injin a fara bin hanyar wutar daga abu mai arha zuwa mai tsada. A yawancin motocin da na'urar sanyinsu ke aiki, kunna ta yana tayar da fanka nan take, kuma wannan gwaji ne mai sauƙi: idan ta tashi, ita kanta fankar lafiyarta ƙalau, laifin yana wajen makunnin zafi ko wayoyinsa.

Idan ba ta tashi ba, a duba fis. Fis da ya ƙone a maye shi da mai lamba iri ɗaya, kada a naɗa masa waya kamar yadda wasu suke yi, domin fis ɗin da ke ƙonewa a kai a kai yana nuna cewa fankar ta fara cijewa tana jan wuta fiye da ƙima, kuma wayar da aka naɗa tana iya sa gobara. Bayan fis sai rile, wannan ɗan akwatin baƙin da ke ƙara idan ya ba da wuta. Sau da yawa akwai wani irinsa sak a cikin akwatin fis, kamar na ham, sai a musanya su a gani. Idan har yanzu shiru, a zare filogin fankar a ba ta wuta kai tsaye daga batir da wayoyi biyu. Ta juya da ƙarfi, to matsalar tana baya, a waya ko makunni, ko wayar da ke ɗaure da ƙarfen jikin mota ta yi tsatsa. Ta ƙi juyawa, ko kuma sai an ɗan ƙwanƙwasa ta da ƙotar sukurdireba sannan ta tashi, to burushin cikinta ya cinye, kuma wannan ƙwanƙwasawa za ta kai mutum gida ne kawai, ba gyara ba ce.

Gwajin makunnin zafi ya bambanta daga mota zuwa mota, kuma a nan ne masu wayarin da yawa kan ruɗe. A Golf 3 da tsofaffin Honda, ana zare filogin makunnin a haɗa bakinsa da guntuwar waya, sai fanka ta tashi. A tsofaffin Toyota da dama kuwa, zare filogin kaɗai yake tayar da ita, idan makulli yana kunne. A duka biyun, idan fanka ta tashi ta wannan hanya amma ba ta tashi da kanta, makunnin ne ya mutu, ko kuwa ruwa bai kai inda yake ba, domin makunnin da ke zaune cikin iska ba ya jin zafin ruwa. A kiyaye yatsu da hannun riga, saboda a wasu motoci, ciki har da Golf, fanka tana iya tashi ko an zare makulli.

Akwai kuma fankar da take juyawa amma aikinta bai cika ba. Idan an taɓa sauya ta ko an taɓa yi mata wayarin, a riƙe takarda a gaban lagireto: ya kamata iska ta zuƙo takardar ta manna ta. In ta ture ta waje, an juya wayoyin, fankar tana faɗa da iskar hanya. Haka nan robar da ke kewaye da fanka, wadda ake yawan cirewa a ƙi mayarwa, ita ce take tilasta iska ta bi ta cikin lagireto maimakon ta gefe. Fanka mai gudu biyu kuma takan rasa ƙaramin gudunta, sai a ga ba ta tashi sai allura ta kusa ja.

Motocin da fanbel yake juya fankarsu, kamar Fijo 504 da tsofaffin Marsandi, bincikensu daban ne. A fara da fanbel, wanda bai kamata ya lotsa fiye da kusan santimita ɗaya ba idan aka danna shi da babban yatsa. Wasu cikinsu suna da kuloci a tsakiyar fankar mai aiki da wani irin mai mai kauri. Injin yana kashe bayan ya yi zafi, a juya fankar da hannu: in ta yi ta juyawa sakaka babu tirjiya, ko aka ga maiƙo a jikin kulocin, to ya mutu. Wasu kuma, kamar 504, kulocinsu na lantarki ne, ana bin wayarsa da makunninsa kamar yadda aka bayyana a sama.

Idan fanka ta fita daga zargi, sai tamostat. A tayar da injin daga sanyi ana taɓa tiyon da ke fita daga gidan tamostat zuwa lagireto. Ya kamata ya zauna da sanyi na ɗan lokaci, sannan ya ɗau zafi farat ɗaya. Idan allura ta hau shi kuma bai yi zafi ba, tamostat ya maƙale. Ana tabbatarwa ta hanyar jefa shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta, domin galibinsu suna buɗewa tsakanin digiri 82 da 88, wato kafin ruwan ya tafasa. Wanda ya mutu a saya sabo a sa. Injin da ba shi da tamostat yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, yana ƙara shan fetur, yana kuma saurin cinyewa, kuma a wasu injuna rashinsa yana barin ruwa ya riƙa zagayawa a cikin injin ba tare da ya bi ta lagireto yadda ya kamata ba.

Lagireto da ya toshe daga ciki ana gane shi da shafa fuskarsa bayan an kashe injin an cire kan batir: wurin da ya yi sanyi a tsakiyar wurare masu zafi, ruwa ba ya bi ta nan. Yawanci ruwan rijiya da na burtsatse ne suke tara ƙanzo da tsatsa, kuma su ne suke cinye fuka-fukan famfon ruwa, shi ya sa ruwan lagireto na kanti ya fi su ko a ƙasar da ba ta san ƙanƙara ba.

Gasket shi ake zargi a ƙarshe, domin gyaransa ya fi tsada, kuma sau da yawa zafin ne ya ƙone shi. Alamunsa su ne kumfar iska da ke ta fitowa daga bakin lagireto tun injin yana da sanyi, da tiyon da ke ƙandarewa jim kaɗan bayan an tayar, da farin hayaƙi mai kauri daga salansa, da baƙin mai da ya koma kalar shayi da madara. Idan za a sauya shi, a kai kan injin a auna ko ya karkace, a kuma gyara abin da ya jawo zafin tun farko, in ba haka ba sabon ma zai ƙone.

Bayan kowane gyara da ya sa aka zubar da ruwa, a fitar da iskar da ta shige ciki, a buɗe hita, a bar injin yana aiki a tsaye har fanka ta tashi ta kuma tsaya da kanta sau biyu. Washegari da safe a sake buɗe murfin a cike abin da ya ragu.