Yadda za ku yi amfani da kiran bidiyo ku duba yaron da aka ci zarafinsa

'Yan uwana ma'aikatan jinya masu duba marasa lafiyan karkara daga nesa, ku fara sa wa ranku cewa kyamara ba ta nuna muku ɗakin gaba ɗaya. Fuskar yaron kuke gani, to wanda ke tsaye bayan wayar fa? Yawanci mai cutar da yaro wanda ya sani ne, wataƙila ma shi ya kawo shi asibitin. Na taɓa duba wata yarinya, duk tambayar da na yi mata sai ta ɗaga ido ta kalli saman allon kafin ta amsa, wallahi sai da muka yi nisa na gane akwai mutum a wajen, har yau abin yana damuna.

Don haka kafin komai ku sa ma'aikacin lafiyar da ke can ya juya wayar ku ga ɗakin, sannan a nemi manya su ɗan fita a bar shi da yaron, ku ce haka ake yi wa kowane yaro, kar wani ya tsargu. Iyafis, wato abin sauraro da ake sa wa yaron a kunne, yana ɓoye muryarku amma amsar yaron ana jin ta, ku tuna da wannan. Lambar ma'aikacin za ku riƙe saboda yankewar netwok, kar ku sake kira ta wayar gidan.

Kar ku taɓa cewa "daga ni sai ke". Alkawari ne da ba za ku iya cikawa ba, kuma yaron da babba ya riga ya ci amanarsa in ku ma kuka saɓa to shi ke nan ya rufe baki. Ku ce masa tun farko, abin da ka faɗa ba zan yaɗa ba, amma in wani yana cutar da kai dole in gaya wa masu kare ka, kuma zan sanar da kai kafin in faɗa. Sashe na 12 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ya ba yaro haƙƙin a saurare shi. Ku ce "ba ni labarin abin da ya faru", kar ku sa masa sunan wani a baki. Ku rubuta maganarsa yadda ta fito, ku gaya masa ba laifinsa ba ne.

Batun hoto kuwa, don Allah kar a ɗauki tsiraicin yaro da wayar hannu a turo ta WhatsApp, komai uzuri. Gwajin budurci ma babu shi, Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta faɗa tun 2018 cewa ba shi da tushe a kimiyya. Tabon duka a kunne, wuya ko gangar jikin yaro ƙasa da shekara 4, ko kowane irin tabo a jikin jaririn da bai fara rarrafe ba, abin tashin hankali ne. Amma haske ba kyau, hoto na rawa, rashin ganin tabo a allo ba ya nufin babu shi, sai an duba ido da ido.

In fyaɗe ne lokaci na gudu. Maganin kariya daga HIV sai an fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28, na hana ɗaukar ciki kuma cikin awa 120 ga wadda ta balaga. In babu a can ku shirya tura yaron a ranar, kar ku ce sai kira na gaba.

Dokar kai rahoton cin zarafin yara ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ku san ta wajenku da lambar jami'in walwalar yara tun kafin irin wannan kiran ya zo. Kuma kar ku kashe bidiyon sai kun san inda yaron zai kwana yau da wanda zai kwana tare da shi.