Yadda zaka zagaya garin Orvieto ka karanta tarihinsa da ƙafarka

Jama'a tunda na dawo Kaduna ake ta tambayata labarin zuwan da nayi wajen ɗan yayata da ke karatu a Italiya, to bari in faɗi yadda mutum zai yi da garin Orvieto, don gaskiya duk inda muka taka babu wanda ya zauna min a rai kamarsa. Gari ne a kan dutse, amma ba irin Kufena ko duwatsun Kajuru masu tauri ba, wannan tokar aman wuta ce ta daskare, gefensa a tsaye kamar an yanka da wuƙa, samansa a shimfiɗe, kuma yana sassaƙuwa kamar marmara. Ka riƙe wannan a ranka domin tarihin garin kaf daga nan ya fito, tsaro yana sama, ruwa kuma yana can ƙasa, shi yasa shekaru aru-aru suna ta haƙa.

Daga Rum ka hau jirgin ƙasa a tashar Termini, awa ɗaya da ɗan wani abu ne, bai ma kai Rigasa zuwa Idu ba. Kana fita tasha zaka ga wani ƙaramin tarago da ake ja da igiyar ƙarfe ya hau dutsen, tun 1888 aka fara shi kuma da nauyin ruwa yake aiki a da, yanzu lantarki ne. Zai sauke ka a dandalin Cahen. A nan mutane ke rugawa kallon shahararriyar rijiyar garin, ni dai shawarata ka barta sai ƙarshe.

Fara da mutanen farko, wato Etruskawa, waɗanda suka kira garin Velzna. Harsashin ɗakin bautarsu yana nan kusa da inda ka sauka. Daga nan ka gangara gindin dutsen ta arewa zuwa maƙabartar Crocifisso del Tufo, ta ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Kaburburan ɗakuna ne na dutse a jere layi layi kamar unguwa, a saman ƙofa an sassaƙa sunan mamacin, rubutun kuma daga dama yake tafiya zuwa hagu kamar ajami. Wallahi na daɗe a tsaye a nan, mutum ya mutu shekara dubu biyu da ɗari biyar amma sunansa na nan a ƙofa. Rumawa ne suka ci garin a shekara ta 264 kafin haihuwar Annabi Isa suka kwashe mutanen zuwa bakin tafkin Bolsena. Da aka dawo aka sake zama a kan dutsen sai ake ce masa Urbs Vetus, ma'ana tsohon birni, shi ne ya koma Orvieto. Kaga tun a wancan zamanin ma tsoho ake ce masa, mu kuwa Kadunarmu sai 1917 ta zama hedkwatar Arewa.

Sai ka hawo ka nufi babban cocin garin. Fafaroma Nicholas na 4 ya aza tubalinsa a 1290, aka yi ta gini kusan shekara ɗari uku, a tsakani ga annobar 1348 ga rigimar manyan gidaje biyu, Monaldeschi da Filippeschi, da suka yi ta zub da jinin juna kan mulkin gari. Bangon zane-zane ne fari da baƙi kamar saƙi. In zaka shiga ka sa tufa mai rufe kafaɗa da gwiwa, a ciki ka nemi ɗakin da Luca Signorelli ya zana daga 1499, tashin ƙiyama da fitinar Dujal yadda Kiristocin lokacin suka fahimta.

Abin da ba zan yarda ka tsallake ba shi ne ƙarƙashin gari. A dandalin cocin ake yankar tikiti kuma dole da ɗan jagora ake shiga, ka tambayi lokacin mai Turanci tun da wuri. Koguna sama da 1,200 mutane suka haƙa a ƙarƙashin gidajensu, ka sassaƙo dutsen gini daga ƙasa ka gina ɗaki a sama, ramin kuma ya zama rumbu. Akwai rijiyoyin Etruskawa masu ƴan ramukan taka ƙafa a jiki irin na rijiyoyinmu na ƙauye, akwai wajen matsar man zaitun, sannan bangaye cike da ramukan tattabaru masu taga ta gefen dutse, tsuntsu ya fita ya yi kiwo da kansa ya dawo, ko an yi wa gari ƙawanya akwai nama. Lokacin yaƙin duniya na biyu ma a ciki aka ɓuya.

Wajen cin abinci ɗan uwa Musulmi ka kula, in kaga an rubuta cinghiale to aladen daji ne, kuma suna yawan sa giya a miya, ka tambaya.

To yanzu sai rijiya, Pozzo di San Patrizio. A 1527 sojojin sarki Charles na 5 suka wawashe Rum, Fafaroma Clement na 7 ya gudo Orvieto, yana tsoron a biyo shi a tsare gari ƙishirwa ta kashe su, sai ya sa magini Antonio da Sangallo ya haƙa. Fafaroman bai ga ƙarshenta ba, ya mutu 1534 aka gama 1537. Zurfinta kimanin mita 53, matakala 248, kuma hanya biyu ce a murɗe kamar igiya da aka tufka, alfadari mai sauka da mai hawowa da ruwa ba sa taɓa haɗuwa. Ka sa takalmi mai kama ƙasa don akwai danshi, mai ciwon gwiwa ya yi a hankali. In ka kai ƙasa akwai ƴar gada a kan ruwan, ka tsaya a tsakiyarta ka ɗaga kai ka kalli tagogin suna zagayawa har bakin rijiyar, sannan ka tsallaka ka hau ta ɗaya hanyar. Taragon sauka tasha yana nan dab da inda zaka fito.