Yadda za ka sauke jirgin kamun kifi a ruwa, ka kuma mayar da shi kan tirela kai kaɗai

Mutum ɗaya yana iya sauke jirgi mai tsawon mita 4 zuwa 6 daga tirela, ya kuma ɗora shi ba tare da mai taya shi ba, muddin ya kiyaye abu guda: kada jirgin ya taɓa zama babu abin da ke riƙe da shi. Ko dai ƙugiyar winci, wato na'urar naɗe igiya da ke jawo jirgi kan tirela, tana maƙale a goshinsa, ko igiya tana hannunka, ko yana ɗaure a turke. Ba a kwance ɗaya sai an tabbatar da na gaba.

Ka gama shiri a filin ajiye motoci, ba a kan magangara ba, wato gangaren simintin da ake sauke jirgi a ruwa ta kansa, inda wasu ke jiran layi. Fara da matoshin ramin zubar da ruwa da ke bayan jirgi. Ɗaura shi, ka taɓa da hannu ka ji ya zauna. Wanda ya manta da shi ba ya ankara sai ya dawo daga ajiye mota ya tarar jirgi ya sha ruwa. Kwance madaurai biyu da ke riƙe bayan jirgi da tirela, ɗaga ƙafar inji sama don kada farfela ta daki siminti, ka loda mai, taru, ƙugiyoyi da akwatin ƙanƙara tun yanzu. Zare filogin fitilun tirela idan ba irin waɗanda ruwa ba ya shiga ba ne, domin kwan fitila mai zafi kan fashe in ya haɗu da ruwan sanyi. Amma sarƙar goshi da igiyar winci, kada ka taɓa su tukuna.

Wannan tsayuwa ta minti 10 zuwa 15 tana da wani amfani. Bayan doguwar tafiya boris ɗin tayoyin tirela yana ɗaukar zafi. In ka tsoma shi a haka, iskar da ke ciki ta takure, sai ta zuƙo ruwa ta gefen roba, ruwan ya gauraya da giris, tsatsa ta biyo baya.

Sai igiyar goshi. Nemi mai kaurin milimita 10, tsawonta ya kai ninki biyu na jirgin. Ɗaura baki ɗaya a goshin jirgi, ɗayan a sandar winci, ka naɗe ragowar sako-sako a saman goshi yadda za ta warware ba tare da ta harɗe ba. Gajeriyar igiya tana da haɗari, don in tana hannunka, jirgi na zamewa za ta iya fizgar ka cikin ruwa. Sa rigar kariya daga nutsewa tun kafin ka matsa bakin ruwa.

Taka da ƙafa ka duba magangarar. Ina gansakuka ta fara? Ina simintin ya ƙare? Da yawa suna da rami a ƙarshensu, kuma tayar tirela in ta faɗa ciki sai an sha wuya kafin a fito da ita, musamman lokacin da ruwa ya janye.

Wajen ribas, sauke gilasan mota don ka ji abin da ke faruwa. Ɗora hannu a ƙasan sitiyari: duk ɓangaren da hannunka ya nufa, can bayan tirela za ta nufa. Ka riƙa gyara kaɗan-kaɗan. In ta karkace sosai, ja gaba ka daidaita, ya fi kokawa da ita. Ci gaba a hankali har bayan jirgi ya fara tasowa, ka tsaya tun tayoyin motar na baya ba su hau gansakuka ba. Ja birkin hannu, sa giyar fakin, ko giya ta ɗaya in mai kuloci ce ka kashe ta, sannan ka sa waigi a bayan taya.

A nan irin tirelarka ke yin tasiri. Mai katako biyu da aka lulluɓe da kafet tana riƙe jirgi da nauyinsa, sai ka tura shi. Mai 'yan tayoyin roba kuwa ba ta riƙe komai: kana cire ƙugiya jirgi zai gangara, shi ya sa wanda ya kwance ta tun daga sama kan zubar da jirginsa a kan siminti. Riƙe hannun winci gam kafin ka saki makullinsa, ka sassauta a hankali. Hannun winci da ya kuɓuce yana juyawa da ƙarfin da zai karya yatsu.

Kafin ka kwance, hau ka sauke ƙafar inji har ramukan shan ruwanta su nutse, ka tayar. Duba ko siririn ruwan sanyaya inji yana fita. Idan inji ya ƙi, jirgi na kan tirela, sai ka ja abinka. Kada ka gwada shi a busasshiyar ƙasa, robar famfon ruwansa tana ƙonewa nan take. In ya tashi lafiya, kashe shi, cire sarƙa da ƙugiya, tura jirgi, kwance igiyar goshi daga sandar winci ka riƙe ta, ja shi da ita zuwa turke, ɗaure gaba da baya, ka je ka ajiye mota.

Ɗorawa ta fi saukewa wuya, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne nutsar da tirela da yawa. In ta yi zurfi, jirgi yana yawo a samanta, katakan ba su kama shi ba, kana fitowa ka ga ya zauna a karkace. Abin da ya dace shi ne kusan kashi biyu cikin uku na katakan su nutse, bakinsu na gaba yana waje. Jiƙa su tukuna ta hanyar shiga ciki kaɗan ka dawo, jirgi zai fi zamewa a kai. Ranar da ka dace da zurfin, lura da inda ruwa ya tsaya a murfin taya ka yi alama da fenti.

Duba iska da inda ruwa ke gudu. Ka tunkaro daga ɓangaren da suke fitowa, su kai ka tsakiyar tirela da kansu. Zo da ƙaramin gudu, igiyar da ke kashe inji in ka faɗa ruwa tana ɗaure a jikinka, ka kashe inji ka ɗaga ƙafarsa da zarar goshi ya hau. Wasu kan taka totur su tura jirgi har sama. Ƙarfin farfela ne ke haƙa wancan rami na ƙarshen siminti, kuma akwai wuraren da aka hana yin haka. Winci ya wadatar. Maƙala ƙugiya, naɗe har goshi ya manne da robar sanda, sa sarƙa. In winci ya yi nauyi fiye da kima, kada ka tilasta: ko jirgi ya kauce, ko tirela tana bukatar ƙarin ruwa kaɗan.

Cire waigi, ja da giya ta ɗaya ba tare da fizga ba. Taya ta fara kartar santsi, sassauta ƙafa maimakon ƙara wuta. A fili, mayar da madauran baya, cire matoshi ruwa ya tsiyaye, tsince ciyawar da ta maƙale a tirela da farfela don kada ka kai ta wani tafki, jona fitilu ka gwada su. In ruwan gishiri ne, ɗauraye tirela da cikin inji da ruwan daɗi a ranar. Bayan kilomita kaɗan ka tsaya ka sake ɗame madauran, domin jirgi kan ƙara zama a kan katako, su kuma su saki.