Yadda Za Ka Bi Sawun Bataliyar Mahaifinka a Yaƙin Basasa

Da Baba ya rasu, a cikin akwatin ƙarfensa muka tarar da takardar sallamarsa daga soja, ta sha ninki har ta fara rabewa, sai hoto ɗaya da hular da asu ya ci gefenta. Iyakar abin da muka sani shi ne "ya je yaƙin Ojukwu". Shekara biyu na yi ina haɗa sauran labarin, alhali da na san ta inda ake kamawa, da wata shida ya ishe ni.

Fara da lambarsa ta soja, kada ka dogara da suna. A wancan zamani sau da yawa sunan mutum da na garinsu ake rubutawa, masu suna ɗaya kuwa ba sa ƙirguwa, tunda sojan Najeriya ya tashi daga wajen dubu 10 kafin yaƙi zuwa wajen dubu 250 a 1970. Lambar yawancin waɗanda aka ɗauka lokacin tana farawa da 63NA. Ɗauki hoton takardar gaba da baya, kuma don Allah kada ka kai a manne ta da ledar nan mai zafi, tsohuwar takarda ba ta jure wa wuta.

Daga nan nemi masu rai tun kafin ka nemi ofis, domin wanda ya shiga soja yana ɗan 18 a 1967 yau ya ba 75 baya. Je reshen ƙungiyar tsofaffin sojoji, wato Lijon, na jiharku, ka riƙa goro, ka zauna ka yi haƙuri. Kuskuren da na fara yi shi ne tambayar lambar bataliya kai tsaye. An yi ta kafa sababbi cikin gaggawa, ana cike gurbin waɗanda aka rasa da kurata, mutum ɗaya ya zaga biyu ko uku, saboda haka lamba takan rikice wa tsoho. Gari ne ba ya mantawa. Tambaye shi: Baba, a ina kuka yi Sallah? Da jirgin ƙasa aka kai ku ko da jirgin ruwa? Wane ne babban kwamandanku? Kada ka kuskura ka tambayi ko mutum nawa ya kashe. Ranar za a rufe maka ƙofa.

Sunayen garuruwan nan su za su nuna maka rundunarsa, domin uku ne manya. Idan ka ji Ogoja, Nsukka, Inugu ko Umuahia, Runduna ta 1 ce ta Kanar Muhammadu Shuwa, wadda ta gangara daga Arewa. Ita ta yi harbin farko a Gakem ranar 6 ga Yulin 1967, ta kama Inugu ranar 4 ga Oktoba, Umuahia kuma sai Afrilun 1969. Idan labarin na teku ne da fadama da sauro, Bonny, Kalaba, Fatakwal, Aba, Owerri, to Runduna ta 3 ce ta Benjamin Adekunle, wadda Obasanjo ya karɓa a Mayun 1969.

Baba na Runduna ta 2 ne, ta Murtala Muhammed, wadda aka harhaɗa cikin sauri bayan dakarun Biyafara sun kutsa jihar Yamma ta Tsakiya ranar 9 ga Agustan 1967 har suka kai Ore. Wani tsohon kofur da suka yi zaman rami ɗaya da Baba ne ya gane shi a hoto. Ya daɗe yana riƙe da hoton da hannu biyu kafin ya ce, "Ɗana, wannan ai shi ya ja ni daga ruwa." Ruwan da yake nufi kogin Kwara ne. 'Yan Biyafara sun karya gadar da ta haɗa Asaba da Anacha, sai aka yi ta ƙoƙarin tsallakawa da jiragen ruwa a Oktoban 1967, aka yi asarar rayuka mai yawa ba a ci nasara ba. Daga baya rundunar ta zaga ta Idah ta haye, ta biyo ta ƙasa.

A nan ne tambayar Sallah ta yi min rana. Kofur ya ce bayan Babbar Sallah da 'yan kwanaki suka shiga Anacha. Na duba, Babbar Sallar 1968 ta faɗo a farkon rabin Maris, Anacha kuma ta faɗi ranar 21 ga watan. Ya ce ba a jima ba wuta ta cinye musu motoci a hanya: Abagana ke nan, 31 ga Maris, inda aka yi wa ayarin motoci kusan ɗari kwanton ɓauna, tankar mai ta kama. Haka za ka riƙa yi. Raba shafin littafinka gida uku, abin da tsoho ya ce, abin da takarda ta ce, da kwanan watan da tarihi ya tabbatar. Inda suka saɓa kada ka goge ko ɗaya.

Sai kuma takardu. A Kaduna akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Arewa House, nemi tsofaffin fitowar New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo na watannin da ka riga ka ware. Ka tuna jaridar lokacin yaƙi ce, nasara take bugawa da manyan baƙaƙe, ba kasafai take faɗin inda aka sha kashi ba. Amfaninta kwanan wata da hotuna. Ofishin ajiye bayanan sojan ƙasa yana Lakwaja, hukumar fanshon soja tana Abuja. Rubuta wasiƙa da lambarsa, ka haɗa shaidar cewa kai ɗansa ne ko magajinsa. In kana da hali ka leƙa gidan tarihin yaƙi na Umuahia, ka ga ogbunigwe, nakiyar da 'yan Biyafara suka ƙera da hannunsu, wadda har yau tsofaffin nan ke rage murya in sun ambace ta.

Akwai abin da za ka iya cin karo da shi wanda ba zai yi maka daɗi ba. Ni na ci karo da Asaba. Ranar 7 ga Oktoban 1967 sojojin tarayya sun tara maza da samari fararen hula a garin suka buɗe musu wuta, ɗaruruwa suka mutu, kuma dakarun Runduna ta 2 ne ke garin. Na tambayi kofur, ya dubi ƙasa ya ce Allah Ya yafe mana baki ɗaya, bai ƙara ba. Na kwana biyu ina tunanin tsallake wannan shafi. A ƙarshe na rubuta shi yadda yake, domin mutanen Asaba ma suna da akwatunan iyayensu, kuma jikokin Baba sun cancanci cikakken labari.

Da ka gama, buga kwafi uku, ɗaya na babban gida, ɗaya naka, ɗaya na tsohon da ya ba ka lokacinsa. Na kai wa kofur nasa ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, ya sa jikarsa ta karanta masa daga Ore har Anacha, ya tsayar da ita sau biyu ya gyara min sunan wani ƙauye.