Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Haɗa Resin Mai Gyaruwa na Bugun 3D

Tun da Chuck Hull ya samu lasisin mallakar fasahar bugun 3D ta hanyar daskarar da ruwan roba, wato resin, da haske a 1986, matsalar ba ta canza ba: abin da aka buga ya bugu ke nan. Haske na sa ƙwayoyin akirilet, sinadarin da aka fi yin resin da shi, su sarƙe da juna kamar raga, kuma irin wannan raga ba ta narkewa da zafi, sai dai ta ƙone. In ta tsage, sai bola. Shi ya sa masu bincike suka koma saka ƙulli mai kwantuwa a cikin ragar, wanda zafi ko wani sinadari zai kwance, a sake ɗaurewa. Tunanin ya ƙara karɓuwa bayan Ludwik Leibler da abokan aikinsa a Faris sun fito da robar da suka kira bitirima a 2011. Sai dai a nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe.

Kuskuren da ya fi kowane tsada shi ne a saka ƙullin mai kwantuwa a mahaɗar sarƙoƙi kawai, a manta da sarƙar kanta. Idan akirilet ya daskare, gadon bayan sarƙar kabon ne haɗe da kabon, kuma wannan ba ya kwantuwa cikin sauƙi. Ka kwance mahaɗar, abin da zai zo hannunka dogayen sarƙoƙi ne masu danƙo kamar ƙaro, ba ruwan da ka fara da shi ba. Firinta kuwa na son ruwa mai gudu, wanda zai malale ya cike gibin da bai kai kaurin gashin kai ba kafin a haska hawa na gaba, domin hawa-hawa ake gina abin da ake bugawa. To me za a yi? Sai a tsinka shi da sabon resin. Zagaye na farko a zuba, na biyu a ƙara, kafin ka ankara sabon ya rinjayi tsohon, ana kuma ta cewa an sake amfani da shi. An gudu ba a tsira ba. Gyaran kashi biyu ne. Na farko, a rubuta kason tsohon resin a kowane zagaye, ba ɓoye-ɓoye. Na biyu, a nemi sinadarin da sarƙarsa ce da kanta ke warwarewa. Misali mai kyau shi ne aikin ƙungiyar Andrew Dove a Jami'ar Birmingham da ke Ingila a 2024, inda suka gina resin daga asid ɗin lifoyik: zobensa mai ƙullin salfa biyu yana buɗewa da haske ya zama sarƙa, ana kuma iya mayar da sarƙar baya a sake bugawa.

Kusa da wannan akwai rikita kalmomi. A niƙa abin da aka buga, a danne garin da zafi ya zama faranti, wannan sake siffantawa ne. Ba sake bugawa ba ne, kuma ba gyaran tsaga ba ne. Kowanne da gwajinsa.

Sai kuma zumuɗin ƙulli mai saurin kwancewa. Abin burgewa ne a ce tsaga ta haɗe cikin 'yan mintuna, amma ƙullin da ke kwancewa cikin sauƙi a ɗakin gwaji zai kwance a bakin aiki ma. Ka ɗora masa nauyi, a hankali yana saki yana lanƙwashewa, tufka da warwara ke nan. Ƙullin da ake kira Diels-Alder, na sinadaran furan da malimaid, sai zafi ya haura digiri 100 na Salshiyas kafin ya buɗe sosai, don haka yana da dama-dama. Ƙullin boron kuwa danshin iska ma na iya taɓa shi, na sinadarin imin kuma ruwa mai tsami ke kwance shi. Kafin ka zaɓa, ka san zafi da danshin inda abin zai zauna, sannan ka rataya masa nauyi kwanaki a wannan yanayin ka auna yadda ya miƙe. Gwajin ja na minti ɗaya ba zai nuna maka wannan ba.

Wani abin da ake raina shi ne abin da ke faruwa a cikin kwalba tun haske bai sauka ba. Sinadarin amin, in ka saka shi a haɗin, na haɗuwa da akirilet ko a cikin duhu, haka ma sinadarin tayol, sai ka wayi gari resin ya yi kauri ko ya sandare. Ka ajiye samfuri makonni, kana auna kaurinsa. A cikin firinta kuma, yawancin ƙananan injuna na haskawa da haske mai tsawon zango nanomita 405, wasu 385, kuma duk abin da ka ƙara, ko katalis ne, wato sinadarin hanzarta aiki, ko launi, yana iya shanye hasken. Resin da aka dawo da shi yakan yi ɗorawa-ɗorawa, ga ragowar sinadarin da ke kunna daskarewa in haske ya sauka, na zagayen baya. Saboda haka lokacin haskawar da ya yi daidai jiya ba lallai ya yi yau ba. Kowane zagaye sai an sake gwajin da Paul Jacobs ya shahara da shi: a haska ɗigo-ɗigo na tsawon lokaci daban-daban, a auna kaurin abin da ya daskare.

Gwajin warkewa shi ne ya fi ba ni haushi. A yanka samfuri da reza, a manna nan take, a ɗumama, a ɗaga a gaban kyamara a ce ya warke. Sau da yawa ragowar resin da bai gama daskarewa ba ne ya yi aikin gam. Ka wanke samfurin, ka ƙarasa gasa shi da haske, ka duba da na'urar infared cewa akirilet ɗin da bai sarƙe ba ya ƙare. Ka bar ɓangarorin biyu a rabe kwana guda kafin ka haɗa, domin abin da ya karye a bakin aiki ba ya samun mai gyara a cikin daƙiƙa biyar. Sannan ka yi irin wannan gwajin da samfurin da ba shi da ƙulli mai kwantuwa ko ɗaya. Idan shi ma ya manne, to ba ƙullinka ne ya yi aikin ba, sai ka koma kan haɗin.