Yadda na gyara matsalar dayis a wasan fatakena

Wata huɗu ke nan ina haɗa wani wasan tebur, irin wanda kowa ka ɗauki mutum guda ya zama shi, ni kuma ina ba da labari. Labarin ayarin fatake ne daga Sakkwato zuwa Gwanja sayen goro, akwai madugu, akwai jagaba, akwai masu jakai. A Mabera muke zama bayan isha'i, mu biyar bisa tabarma.

Matsalar ita ce dayis ɗin ludo guda ɗaya nike amfani da shi wajen yanke ko mutum ya ci nasarar abin da ya sa gaba, to kowace lamba daga 1 zuwa 6 damarta ɗaya ce, sai ka ga jagaba da ya san hanya ya ɓata a daji sau ukku a jere, yaron jakai kuma yana cin nasara haka kawai. Ranan ƙanena ya aje katinshi ya ce yaya wanga ba wasa ba ne, sa'a ce zalla. Wallahi abin ya dame ni don gaskiya ya faɗi.

Sai na ƙara dayis na biyu, a jefa tare a haɗa. Na zauna da biro na lissafa, hanyoyi 36 ne, 7 na fitowa ta hanya 6, amma 2 da 12 hanya ɗai-ɗai. Na ce sai ka kai 8 ka tsallake, wato 15 cikin 36. Gwani kuma a fanninshi ana ƙara mai 2, damarshi ta koma 26 cikin 36.

Daren jiya munka gwada, jagaba ya ƙetare da ayari kogin Kwara lafiya, jaki guda kawai ruwa ya ci. Ƙanen nawa shi ya nemi mu sake.